A Yi Hattara Da Kalmar "Ɗan Leƙen Asiri"

Kalmomi kaɗan ne a harshen Hausa ke sa majalisa ta yi tsit kamar "ɗan leƙen asiri". Da zarar an jefi mutum da ita, sai abokan hira su fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ko da kuwa babu wanda ya ga laifinsa da ido. Amma duk da wannan nauyi nata, ana ta amfani da ita barkatai, a kasuwa da gidajen rediyo da jaridu, kamar ba a san abin da take jawowa ba.

Dalilin nauyin nata a fili yake. Asiri kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, kuma babbar addu'ar Bahaushe ita ce Allah ya rufa masa asiri. Saboda haka duk wanda aka ce sana'arsa leƙen abin da jama'a ke roƙon a rufe ne, to an raba shi da mutane ke nan.

Mutanen da kuwa ba su haɗa kowa a suna ɗaya ba. Wanda sarki ya aika ya gano ƙarfin abokan gaba kafin yaƙi, magewayi ne, aikinsa kuwa na jarumai ne. Wanda ke binciken ɓarayi ba tare da kayan sarki ba, ɗan sandan ciki ne. Mai kai sunayen maƙwabtansa wurin hukuma don neman fada, shi ne ɗan rahoto. Addini ma ya bambanta su, gama aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana binciken aibin mutane, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Huzaifa ɗan Yamani ya shiga sansanin Ƙuraishawa da dare a yaƙin Handak don ya kawo labarinsu.

Ita kanta gwamnati tana da nata ma'aikatan. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu, 1976, aka kafa hukumar NSO. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe ta, ta maye gurbinta da guda uku: SSS mai kula da cikin gida, watau jami'an farin kaya, da NIA mai kula da ƙasashen waje, da kuma DIA ta soja. Waɗannan doka ta san da su, albashi ake biyansu, kuma suna da shugabannin da za a tuhuma in sun wuce gona da iri.

Inda abin ya fi muni shi ne karkarar Zamfara da Katsina da Sakkwato. Can an ƙaro wata kalmar, watau infoma, mai sayar wa 'yan bindiga labarin wanda ya sayar da shanu ko ya ɗauko amarya. Babu shakka akwai irin waɗannan maciya amana, domin da ɗan gari akan ci gari, har ma Jihar Zamfara ta yi doka a 2022 wadda ta tanadar masu hukuncin kisa. Amma dokar ta bar yanke hukuncin a hannun alƙali ne, bayan an kawo shaida. Idan kuwa aka bar kalmar a bakin kowa, mai rikicin gona ko wanda aka kayar wajen neman aure zai iya halaka abokin hamayyarsa da ita, taron jama'a su aikata abin da ba ya gyaruwa. Baki shi ke yanka wuya.

Ya kamata manema labarai su kira kowa da sunansa: jami'in hukuma jami'i, wanda ake zargi kuma a ce ana zarginsa har kotu ta tabbatar. Hakimai da dagatai da limamai su gargaɗi jama'a cewa mai zato ya kai zatonsa ga hukuma, hukuma kuma ta rufa asirin wanda ya kawo mata labari, ta yi bincike kafin ta kama kowa. Allah ya sa a gane.