Ganuwa da Gishiri: Abin da Na Gani a Aigues-Mortes

Na dawo Ibadan lafiya daga kudancin Faransa, kuma cikin duk wuraren da na taka, wani ɗan gari ne ya tsaya mini a rai, Aigues-Mortes, wato "matattun ruwaye".

Sarki Louis na 9 ne ya kafa shi wajen 1240 don ya samu tashar jirgin ruwa tasa ta kansa. Daga nan ya tashi yaƙin Salibiyya zuwa Masar a 1248, ya sake tashi a 1270 ya mutu a Tunis. Ganuwar dutsen da magadansa suka gina ta haura kilomita ɗaya da rabi, tana nan cif. Na hau na zagaya ta, ina tuna yadda muke ɗiban ƙasar badalar Kano muna yin bulo. Wannan zance ne na wata rana.

Daga saman ganuwar kana hango fadamun gishiri, ruwan ya yi ja-ja saboda wasu ƙananan halittu da ke cikinsa, ga tulin gishiri fari fat kamar tsauni. Kowa hoto yake ɗauka.

A waɗannan fadamun ne, a watan Agusta na 1893, faɗa ya kaure tsakanin leburori Faransawa da 'yan ci-rani Italiyawa. Jita-jita ta shiga gari cewa baƙi sun kashe 'yan gari, sai aka yi musu taron dangi. Hukuma ta ce mutum 8 aka kashe, da dama suka jikkata. Aka kai waɗanda ake tuhuma kotu, aka sallame su duka.

Ni da nake zaune a Sabo, ba sai an yi mini fassara ba. Mun ga Sagamu a 1999, mun ga kasuwar Shasha a 2021. Ɗan saɓani tsakanin mutum biyu, sai ƙishin-ƙishin, sai wanda ya zo neman abinci ya zama abin farauta.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya je can ya yaba wa sarki da dutse ya juyo. Gishirin ne ya ciyar da garin, kuma hannun baƙo na cikin masu kwashe shi. Na sayo ƙaramin ƙunshi na kawo wa maƙwabciyata, Bayarabiya, wadda ta riƙe mini makullin shago har na dawo.