Kafin a zaɓi otal, a fara zaɓen mai kwale-kwale

Tun da aka fara karɓar kuɗin yawon buɗe ido na 'yan ajin ƙarshe, gurup ɗinmu na WhatsApp bai huta ba. Wasu na cewa Tiga, wasu Zoɓe tunda ga ta nan kusa da Dutsin-Ma, masu ƙarfin aljihu na kiran Yankari. An yi musu a kan otal, da kalar riga, da wanda zai ɗauki hoto. Duk inda aka ambata kuwa akwai ruwa, kuma kowa ya san in aka je dam sai an hau kwale-kwale. Amma har yau ban ji wanda ya tambayi wa zai tuƙa mu ba.

Ni ɗan Faskari ne, kuma muna da yawa a makarantar nan, mu da 'yan Ƙanƙara da Sabuwa. In maganar hanya ce, ba mai koya mana. Mun san lokacin da ake tashi daga Funtuwa da lokacin da ba a tashi. Mun san a kira wani a gaba a ji ko hanyar Sheme lafiya kafin a shiga mota. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, iyayenmu ba su ƙara jin kalmar "tafiyar makaranta" hankalinsu kwance ba. Kafin Baba ya yarda ka tafi, sai ya tambayi direba, ya tambayi hanya, ya tambayi inda za a kwana. Duk wannan taka-tsantsan ɗin a bakin ruwa yake ƙarewa. Da an sauka mota lafiya sai a ce alhamdu lillahi, an tsira, a ruga a cika jirgin wanda ya fara ɗaga hannu.

Akwai mutanen da ruwa ne hutunsu, masu biyan kuɗin jirgin sama su je Zanzibar ko Sharm el-Sheikh a Masar don su yi nutso a teku da tukunyar iska a baya. Ban ce mu yi koyi da aljihunsu ba, ina! Yadda suke zaɓe ne ya dace mu duba. Wanda ya san harkar, kamfanin da zai kai shi ƙarƙashin ruwa yake fara bincika, otal ya biyo baya. Yana tambaya ko malamin nutson na da shaidar wata ƙungiya da aka sani, irin su PADI. Mutum nawa malami ɗaya ke kula da su? Yaushe aka duba tukwanen iskar? Akwai iskar oksijin a cikin jirgin in wani ya galabaita? Ina asibiti mafi kusa mai ɗakin da ake sa wanda ya taso sama da gaggawa? Mai shaidar matakin farko ba a barinsa ya wuce zurfin mita 18, ba ya shiga sai da abokin tafiya, kuma in ya yi nutso sau da yawa sai ya jira aƙalla awa 18 kafin ya hau jirgin sama. Kamfanin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, nan take ake barinsa, komai kyan ɗakunan kwanansa. Waɗannan fa mutane ne da suka iya iyo tun suna yara.

Mu kuma fa? A gaya wa juna gaskiya, yawancinmu iyakar iyonmu kududdufin bayan gari da damina, inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Dam daban ne. Samansa na da ɗumi, ƙasansa sanyi ƙalau, ga laka, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka datse shi, ga ragar masunta. Ko ɗan Mairuwa da ya tashi a bakin dam zai gaya maka ruwan da ya yi shiru ba abin yarda ba ne. Sannan kayan da muke sawa don hoto, shadda mai sitati, abaya, dogon hijabi, da sun jiƙe sun zama kaya a jiki, su naɗe ƙafa. Wanda ke nutsewa kuma duk abin da ya kama ba ya saki, ko da wuyan wanda ya zo cetonsa ne.

Ba a nesa abin ke faruwa ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya daga ƙauyen Badau da za su je Maulidi. Abin da aka fi dangantawa da shi, lodi ya wuce kima. Allah Ya jiƙansu. Su ma ɗalibai ne, su ma cikin murna suka fito.

Na san za a ce in kwana ya ƙare ya ƙare. Haka ne. Amma mai faɗin hakan, in aka ce masa motar nan ba birki, wallahi ba zai shiga ba.

Inda nake ganin gyaran ya fi sauƙi shi ne wajen ciniki. Ban ga laifin masu kwale-kwale sosai ba. Akasarinsu masunta ne, jirgin na su ne da ɗaukar kaya, ranar da ɗalibai suka zo ita ce ranar kasuwarsu. In ka ce za ka biya shi kuɗin kowane kai, kai da kanka ka ce masa ya cika jirgi har baki, domin kowane mutum ɗaya da ya bari a gaɓa asara ce gare shi. A yi ciniki da shi a kan sawu. A tambaye shi mutum nawa jirgin ke ɗauka cikin sakewa, a rage biyu, a biya shi kuɗin sawun cikakke ko da ya yi sawu shida. Zai fi tsada, e. A rage daga kuɗin riga.

Sai rigar kariya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa ta daɗe tana cewa kada a hau jirgi ba ita, kuma kada a yi tafiyar dare. A dam ɗin ƙauye ba wani jami'i da zai tsaya a kanmu, don haka kwamiti ne zai zama jami'in. Mutum biyu su je mako guda kafin tafiya, su ga jirgin da idonsu, su duba ko yana yoyo, su ƙirga rigunan da hannunsu, kada su yarda da "akwai, Insha Allahu". Su gaisa da Sarkin Ruwa ko shugaban masuntan wurin, shi ya san inda ke da zurfi da lokacin da iska ke tasowa. A nemi ya ba mu gwanin iyo ɗaya da zai bi mu a wani jirgin, a biya shi. A gama da ruwa kafin la'asar. Kuma a hana miƙewa tsaye don salfi, domin mutum biyar su karkata gefe ɗaya ya isa ya juya ƙaramin jirgi.

'Yan'uwa mata na kwamiti, ku ya fi shafa, don ku aka fi bari ba a koya wa iyo ba. Kada kunya ta hana ku magana.

A zaman kwamiti mai zuwa zan nemi a ware kuɗin hayar riguna da na mai ceto kafin a biya kafin alƙalamin otal. In aka rasa riguna a wurin da aka zaɓa, a soke hawan jirgi daga jadawalin, a yi hoton a gaɓa.