Maska da Maƙwabtanta: Ina Labarin Yaƙin Hitila?

Duk wanda ya nemi tarihin Maska, tsohon garin nan na masaƙa da marina da ke kusa da Funtuwa, abin da za a fara ba shi shi ne jerin sarakuna. Haka abin yake a Bakori da Ɗanja da Ƙafur. A ganina wannan rabin tarihi ne, domin talaka ma ya ga zamani, musamman a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945.

Ko da yake ba a harba bindiga a ƙasar Katsina ba, yaƙin ya shiga har cikin rumbunan manoma. An kwashi samari aikin soja, aka kai su Bama cikin Runduna ta 81 da ta 82, har Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gado a 1944, ya je can ya gaishe su. Daga 1942 zuwa 1944 kuma aka yi ɗiban gwamna, watau aikin tilas na haƙar kuza a Jos, bayan da Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila. Sanyi da cuta suka hallaka mutane da yawa. A gida kuwa ga haraji, ga matsin a noma auduga da gyaɗa, ga yunwar da aka laƙaba wa suna 'Yar Gusau.

To, wa ya nome gonakin waɗanda aka ɗiba? Yaya mai unguwa ya zaɓi ɗan wannan gida ya tsallake na wancan? Rahoton Razdan ba zai amsa wannan da bakin manomi ba. Wani zai ce ai mazan jiya sun ƙare, bakin alƙalami ya bushe. Gaskiya ne kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu na nan, kuma tsofaffin mata na riƙe da waƙoƙin niƙa da na daka. Sai dai rashin tsaro a Faskari da Sabuwa da Ɗandume yana tarwatsa ƙauyuka, kuma ƙauyen da ya watse, da labarinsa yake watsewa.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kowa ya zauna gaban dattawan garinsu a hutun nan, ya ɗauki maganarsu da bakinsu, ya kawo Sashe a adana. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya sa mu dace.