A kai ƴan makaranta dawa su kwana

A ƙauyukan Mallawa, kamar sauran karkarar Nijar, akwai makarantun da ajinsu na zana ne. Idan an gama girbi sai iyaye su kawo kara da itace, a kafa rumfa, yara su shiga. Daga cikin rumfar nan yaro yana hango gawo, yana jin kukan kurciya. Amma darasin itatuwa a kan allo ake yi masa shi. Malam ya zana itace da alli, ya rubuta saiwa, ya rubuta ganye, yara su kwafa. Itacen gaske kuwa yana nan tsaye waje, taku ashirin daga bakin ƙofa.

Wannan bai dace ba. Ya kamata kowace makaranta ta ware kwana biyu cikin shekara, ta fita dawa da manyan ɗalibanta, maza da mata. Su yini suna tafiya da ƙafa, su kwana can, washegari su komo gida.

A wasu ƙasashe an daɗe ana yin haka. A Amurka gwamnati tana da manyan gandayen daji a bisa duwatsu, kuma tun 1905 ta kafa ma'aikatar da ke kula da su. Mutane sukan ɗauki jaka da tanti, su yi kwana da kwanaki suna hawa da gangara cikin itatuwa. A Faransa makaranta takan kwashi aji guda ta kai shi dutse ko ƙauye, a yi mako ana karatu a can. A Ingila, cikin 1907, wani soja mai suna Baden-Powell ya kai yara kamar ashirin wani tsibiri suka yi zango. Daga nan ƙungiyar ƴan sikawut ta samo asali.

Nijar ma tana da duwatsunta. A Azbin akwai dutsen Bagazam, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu wurin da ya fi shi tsawo a ƙasar. Mai hawansa yana jin sanyi na ƙaruwa, domin duk mita dubu da aka hau zafi yakan ragu da awo shida ko fiye kaɗan. An keɓe dajin Azbin da Tenere a 1988 don kare namun dawa. A arewa maso gabashin Damagaram akwai duwatsun Termit, waɗanda aka keɓe a 2012 tare da hamadar Tin Tumma, fili mai faɗin murabba'in kilomita 97,000 a lokacin. A can ne wata farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda Turawa ke kira adaks, ta sami mafakarta ta ƙarshe. Kusa kaɗan, wajen Gure, ga duwatsun Kutus da na Muniyo.

Duk waɗannan sun yi wa ɗan Mallawa nisa. Tafiyarsu sai da mota mai ƙarfi, da kuɗi, da jagora, da izinin hukuma. Ƙasar Mallawa kuwa shimfiɗe take: jigawa ce da kwari da fadama. To, don babu dutse sai a zauna? A'a. Dajin da ke bayan gari ya isa a soma da shi, kuma ba ƙaramin daji ba ne.

Baƙi masu bincike sukan taso daga nesa don su ga gonakin Magarya da Matameye da Mirya. Abin da ke kawo su gawo ne. Bayan farin 1973 da na 1984 itatuwa sun ragu ƙwarai a kudancin Nijar, iska tana kwashe ƙasa, tana binne shuka. Sai manoma suka canza hanyar sharar gona. Idan toho ya fito daga tsohon kututture ba su sare shi duka. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran, su yi ta kula da su. Wannan shi ake kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun komo a gonaki wajen hekta miliyan 5 a Nijar, itace kamar miliyan 200. Ba a sayo su ba, ba a shayar da su ba.

Gawo itace ne mai abin mamaki. Da damina, lokacin da kowane itace ke yin ganye, shi sai ya zubar da nasa. Hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sami rana, ya sami taki. Da rani kuma, sa'ad da dawa ta bushe, sai ya yi kore shar, ya ba da inuwa, ya zubo ƴaƴa tumaki da awaki su ci. Yaron da aka haifa a gindin irin wannan itace, a ce sai a littafi zai karanta labarinsa?

Wani uba zai ce: "Malam, ɗana ai kullum a daji yake. Shi ke kiwon awaki, ƙanwarsa ke ɗebo itace. Me za ku nuna masa wanda bai sani ba?" Maganar tana da nauyi, kuma bai kamata malam ya yi mata dariya ba. Gaskiya ne ɗan ƙauye ya fi malaminsa sanin inda zomo ke kwana. Amma mai kiwo idonsa yana kan awaki, mai itace idonta yana kan busasshen reshe. Ba wanda ya taɓa ce musu su tsaya su ƙirga, su auna, su rubuta. A tambayi ɗan aji biyar sunayen itatuwa. Zai faɗi gawo, kuka, tsamiya, aduwa, magarya, kalgo, sabara, goriba, wataƙila ya kai goma sha biyar ya tsaya. A tambayi kakansa. Zai wuce hamsin, ya faɗi wanda ake sassaƙa turmi da shi, da wanda ake jima da ƴaƴansa, da wanda aka ci lokacin yunwa. Zai ce ƙirya ita ce gawayin maƙera, bagaruwa ta majema ce, anza kuma sai an jiƙa ƴaƴanta kwana da kwanaki ɗacin ya fita kafin a ci. Zai kuma nuna wurin da wani itace yake a da, yanzu babu shi. Idan tsohon nan ya rasu ba a rubuta ba, da shi za a binne sunayen.

Nan ne makaranta mai harshe biyu ta fi sauran dama. Tun da aka buɗe ta farko a Damagaram a 1973, manufarta ita ce yaro ya fara karatu da harshen da ya sha a nono, sa'an nan ya ɗora Faransanci a kai. Ɗalibinta yana iya zama gaban tsoho da littafi da alƙalami, ya rubuta maganarsa yadda ta fito, ba sai an yi tafinta ba. In an komo aji sai a ja layi a tsakiyar allo. A hagu a rubuta kuka, a dama baobab. A hagu tsamiya, a dama tamarinier. Da an zo kan gawo yara za su yi dariya, don a Faransanci ma akan ce masa gao: wurin Hausawa ya ara.

Lissafi ma yana can dawa yana jira. A auna mita ɗari da igiya, kowane yaro ya bi ya ƙirga takunsa. Daga ranar ya san yadda zai auna hanya ba tare da igiya ba. A kafa sanda mai mita ɗaya a rana. In inuwarta ta yi mita biyu, inuwar gawo kuma ta yi mita 30, to, tsawon gawon mita 15 ne, ba wanda ya hau. A shata fili mai mita ɗari kowane gefe, hekta ɗaya ke nan, a ƙirga itatuwan da ke ciki, manya daban, ƙanana daban. Da dare, bayan an ci tuwo, a ɗaga kai a nemi Kaza da ƴaƴanta. Da sanyin hunturu tana fitowa da wuri.

Makarantar da ta saba da wannan, ta kuma sami hali, tana iya kai manyan ɗalibanta Takeita. Gari ne a bakin babbar hanya, kamar kilomita 50 yamma da Damagaram. Can akwai gandun daji na gwamnati mai hekta 6,720, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, da tuddai masu tsakuwa da yaron jigawa zai so ya hau. Labarin gandun kansa darasi ne. Da farko na hukuma ne ita kaɗai, talaka ba ya ganin nasa ne. Kowa ya faki idon sarkin daji ya sara, wasu suka yi gonaki a ciki, har dajin ya kusa ƙarewa. A 1995 aka soma wani aiki tare da ƙungiyar SOS Sahel. Aka tara manoma da makiyaya, Hausawa da Fulani da Buzaye, maza da mata, suka yi ta zama suna gardama har suka kafa ƙungiyarsu mai suna Ku Taya Ni, suka tsara dokokin kiwo da na saran itace da kansu. Ɗalibin da ya taka wurin, ya ji daga bakin mutanen garin, zai komo yana tambaya: dajin ƙauyenmu fa, wa ke da shi, wa ke tsaronsa?

Saura maganar tsoro, kuma tsoron iyaye ba na banza ba ne. Dawa tana da maciji da kunama. Akwai kuma wuraren da hankali bai kwanta ba a wannan zamani. Don haka ba malam kaɗai ke yanke shawara ba. Sai an zauna da kwamitin iyayen yara, an gaya wa maigari, an nemi shawarar sarkin daji da ta hukuma. In sun ce wuri kaza ba lafiya, magana ta ƙare. Zangon farko kada ya wuce tafiyar awa biyu daga gari, kusa da wata ruga ko wani ƙauye mai rijiya. A tafi da amalanke, ta ɗauki ruwa da tabarmi da tukwane, ta kuma ɗauko wanda ya gaji.

Lokacin da ya fi kyau shi ne watan Disamba ko Janairu. An kai amfanin gona gida, babu ruwan sama, sauro ya ragu, rana ba ta da zafi. Da bazara kam kada a kuskura. Kowane yaro ya zo da gorar ruwansa, da bargo, da takalmi saboda ƙarangiya. Ba a shimfiɗa kusa da suri ko tarin itace, don nan kububuwa da kasa ke fakewa. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da ƙarfi. A kwantar da shi kada ya yi ta motsi, a ɗora shi a amalanke, a nufi gidan likita nan da nan.

Wuta ita ce babbar amana. Da kaka ciyawa ta bushe, iskar gabas tana kaɗawa. Garwashi ɗaya ya isa ya cinye abincin garke ɗari. Sai a share fili tas, a haƙa rami, a hura wuta a ciki da busasshen itacen da aka tsinta a ƙasa. Kafin a tashi a zuba ruwa, a rufe da ƙasa, a ɗora hannu a ji ya huce. Ɗanyen itace ba a taɓa shi. Dokar daji ta 2004 ta tanadi hukunci ga mai sara ba izini da mai sa wa daji wuta, kuma abin kunya ne a ce makaranta ce ta karya ta. Leda da gwangwani a komo da su gida, don akuyar da ta haɗiye leda ramewa take yi.

Wasu za su ce a tafi da maza, mata su zauna. Wannan kuskure ne. Mata su ne suka fi kowa shan wahala idan daji ya ƙare, don su ke ƙara nisan tafiya neman itacen girki. Su ne kuma suka san ganyen miya, da tafasa, da lalo, da zogale. A tafi da malama da iyaye mata biyu ko uku, ƴan mata su yi zangonsu daban. Kuma kada a mai da su masu daka da wanke-wanke alhali maza suna awon gawo. Aikin ruwa da na tukunya a raba shi daidai.

Kuɗi fa? Zangon bayan gari ba ya cin kuɗi. Kowane gida ya ba da tiya guda ta gero ko ta wake. Wani ya ara amalanke, wani ya ara igiya. Tanti ba dole ba ne, zana biyu sun isa su tare iska. Abin da ya fi wuyar samu shi ne tsohon da zai yi jagora, sai a je har gida a gaishe shi da goro, a roƙe shi.

Ran 3 ga Agusta, tun daga 1975, ana dashen itatuwa a Nijar. Ranar tana faɗowa cikin babban hutu, yara suna gona, makaranta tana kulle. Da yawa daga cikin abin da aka dasa ba ya kai rani, awaki sun cinye. Fitar hunturu za ta ba ɗalibai damar su je su duba: nawa aka dasa, nawa suka rayu, me ya kashe sauran. Su rubuta adadin a babban littafi, tare da ƙidayar hektar da suka shata, da sunan tsohon da ya raka su, da kwanan wata. Littafin ya zauna a akwatin makaranta. Baɗi ƙannensu su koma wannan fili, su sake ƙirgawa, su rubuta nasu adadin a ƙarƙashin na bana.