Na'urar Gwajin Mota Ta Gagari Bakaniken Panshekara

Duk wanda ya bi titin Panshekara zuwa Challawa zai ga garejoji a gefen hanya, da bakanikai waɗanda a da kunne kaɗai ya ishe su gane ciwon mota. Yau zance ya sha bamban. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a motocinta, Turai ta bi sahu a 2001. Ire-irensu ne 'yan Beljiyam da suka cika Kano. Da fitilar inji ta kama, sai an jona kwamfuta.

To, a nan gizo ke saƙar. Ƙaramar na'ura mai araha lambar matsala kawai take karantowa. Babbar kuwa, mai shiga ƙwaƙwalwar mota, irin su Autel da Launch, da dala ake sayenta, ga kuɗin sabuntawa duk shekara. Bayan an saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024. Babban dila ya saya, ya fanshe a kan masu hali. Talakan bakanike fa? Sai canki-canka. Ya tura mai mota Ƙofar Ruwa ya sayo kaya, a ɗaura, fitila na nan daram. Kuɗin cefane ya tafi a banza.

A jihar Massachusetts ta Amurka, a 2012 jama'a suka kaɗa ƙuri'a suka tilasta wa kamfanonin mota buɗe wa ƙananan garejoji bayanan gyara. Kafin mahukuntan nan su farka daga barci, ya kamata ƙungiyar bakanikai ta NATA ta haɗa karo-karo, kowane rukunin garejoji ya mallaki babbar na'ura guda, a riƙa karɓa-karɓa.