Labarin Duniya: Mai zanen sunan Coca-Cola

Mario Schifano mutumin Italiya ne, amma a Libiya, maƙwabciyar Nijar, aka haife shi a 1934. A Roma ya girma. Bai yi nisa a lakwal ba, ya kama sana'ar zane.

Kayan aikinsa ba masu tsada ba ne: fentin gida da takardar ƙunshe kaya. A 1962 ya riƙa zana sunan Coca-Cola da na Esso, irin na allunan bakin hanya. Abin mamaki, har Amurka aka kai zanen! Ya shirya finafinan sinima uku a 1968 da 1969.

Amma ƙwaya ta kama shi, ta sha kai shi gidan kaso. Ciwon zuciya ya kashe shi a Roma a 1998.