Makalar Mako: Akwatin Wuta Ba Ya Son Hadda



Wannan makon rigima muka zo da ita, kuma da kanmu za mu fara.

Daga Bodinga zuwa Dandin Mahe har Shagari, a buɗe akwatin wutar wani injin niƙa ko rijiyar burtsatse mai sola. Sau da yawa wayoyi za a tarar sun cukurkuɗe kamar taliya, babu lamba, babu zane. Komai yana kan mai gyaran da ya haɗa. Ran da ya yi tafiya, wanda aka kira sai lalube, ga mata a layi da bokitai. In ya kuskure, injin ya ƙone.

Masu cewa "hannu ya fi takarda" su yi mana haƙuri. Ba mu raina gwaninta ba, amma hadda ba ta auna waya. Wayar milimita 1.5 ta ƙwan fitila ce, soket yana son 2.5. A bazarar Sakkwato zafi kan wuce digiri 40, kuma wayar da aka cunkusa cikin rufaffen akwati mai zafi ba ta ɗaukar wutar da takan ɗauka a sarari. Daga nan gobara ke samun ƙofa.

Manhajojin zane irin su EPLAN na Jamus da AutoCAD Electrical suna bai wa kowace waya lamba, su nuna inda ta taso da inda ta sauka, su fitar da jerin kayan da za a saya, su kama kuskure tun ba a yanka waya ba. QElectroTech ma kyauta ce.

Za a ce mana babu kwamfuta a ƙauye. To, ai zanen sau ɗaya ake yi. A buga shi a shagon kwamfuta, a manna a cikin murfin akwatin, shi ke nan. Babban shingen shi ne harshe: bayanan nan da Turanci suke, yaron shago kuwa da Hausa ya koyi sana'a.

Nan laifinmu yake. Mun cika zauren nan da labarin Alhaji da kishiyoyi, mun bar ilimin da zai hana gidan mutum ƙonewa cikin harshen da bai iya ba. Tun 2015 doka ta kafa hukumar NEMSA don duba ingancin aikin lantarki da tantance masu yinsa. Mu nawa muka taɓa yi wa masu gyaranmu bayaninta da Hausa?

Aikin wannan mako: kowa ya zauna da mai gyaran wuta na unguwarsu, ya ji sunan da yake kiran kowane kaya, ya rubuto shafi guda kan yadda ake karanta zanen akwati. Wanda ke ganin wannan ba adabi ba ne, ya kawo hujjarsa a ƙasa. Muna jira.